Kwana Huɗu a Ruwan Tabalak

Abarshi ya ba mu hayar jirgi jaka shida,
ya ce, "Yana ɗan yoyo. Ga gwangwanin tumatir,
wanda ya gaji da tuƙi ya kwashi ruwa."
Muka loda tabarma, buta, gawayi,
garin rogo, sangen sauro guda ɗaya,
ni da Tsahiru ƙanena,
wanda Abijan ta riƙe shekara goma sha ɗaya
ta maido mana shi da furfura da tari.

Ranar farko ba tafiya muka yi ba.
Na tuƙa dama, ya tuƙa dama,
jirgi na kewaye kamar akuya a turke,
ƴaƴan masunta na dariya daga gaɓa.
Ni tela ne, wayona a ƙafa yake.
Sai da la'asar filafilanmu suka daina gardama.
Mu kuwa tamu ko fara ta ba mu yi ba.

Mun kwana a tudun da bai fi masussuka ba.
Bagaruwa tsaye cikin ruwa har ƙugu,
belbelu sun rufe ta kamar an shanya wanki.
Ya dafa shayi, sukari ya yi yawa.
Na sha. Ban tanka ba.

Tafki na biyu bado ne ya cinye shi.
Muna ratsawa, ganye na buɗewa,
yana rufewa a bayanmu, ba sawu.
Wani tsoho mai jan mamari
ya jefo mana tarwaɗa biyu,
ya ƙi kuɗi, ashana ya roƙa.
Ya dube mu, ya ce, "Ciki ɗaya kuka fito.
Kun zauna nesa da juna
daidai yadda jirgi ke so."

Rana ta uku mashigin ya ƙafe.
Tsakaninmu da ruwan gaba
sai laka da fangalin irin albasa.
Muka kife jirgin, muka ɗora a ka.
Laka ta karɓe mini takalmi ɗaya, na bar mata.
A cikin duhun katako, da warin kifi da kwalta,
ba na ganin komai sai dugadugansa.
Nan ne muryarsa ta zo, tana amsa kuwwa:
"Ranar da aka kai Inna, ina da kuɗin mota.
Kunyar dawowa hannu wofi ce ta zaunar da ni."
Na yi taku bakwai, na ƙirga.
Na ce, "Ɗaga gefenka, yana cin kafaɗata."
Ya ɗaga.

Da dare ƙaya ta yaga sangen.
Na zaro allurar da ba ta rabuwa da hulata,
ya riƙe mini tocila.
Hasken na rawa. Na ce iska ce.
Kwaɗi suka yi ta hayaniyarsu har asuba,
sun faɗi duk abin da muka rage.

Tafkin ƙarshe bai da zurfi.
Raƙuma na sha a bakinsa,
kirinjijiya ta tashi garke guda, tana fito.
Wayata ta farfaɗo a aljihu:
mai riga na tambaya ko na sa wuyan.
Ɗan Abarshi na jiranmu da amalanken jaki,
ya duba jirgin, ya duba ƙafata ɗaya ba takalmi,
ya ce, "Ina gwangwanin?"
Tsahiru ya ce, "Ya nutse."

Yana nan shagona a Tawa, kusa da keke,
cike da maɓallai, tsatsa ta fara cin bakinsa.
Tsahiru kan zo bayan magariba ya dafa shayi.
Sukari har yanzu yana yawa.
Jiya na faɗa masa.