Baƙuwa a Faifai

Ran Talata saƙon Sagiru ya iso daga Jamus,
ƙunshi a leda, rubutu jere kamar tururuwa.
Gwaggo Tabawa ta yage bakin da haƙori,
ta zazzage a faifai, tsakar gidanmu na Alfindiki:
baƙaƙen 'ya'ya, busassu, ba su fi masoro ba.
Ta ce, "Wannan kuma 'yar wace ce? Ƙanwar ɗinya?"

Shekara arba'in tana auna sassaƙe da saiwa,
mutanen Kurmi ma aikowa suke a tambaye ta,
amma yau ga baƙuwa a faifanta, ba suna, ba dangi.
Ta murza ɗaya, ta sansana, ta kai baki.
Na riƙe hannunta: "Ya ce ɗanye yana murɗa ciki."
Ta harare ni. "Ai rogo ma sai ya ga wuta."
Ta tofar dai, ta ce in ɗauko tukunya.

Citta, kanumfari, ruwa kofi huɗu,
gawayi ya kama, murfi yana rawa.
Ruwan ya rine kamar an ɗebo shi a karofin Ƙofar Mata,
ludayinta na duma ya yi shuɗi har abada.
Sai da ya huce ta tace da farin ƙyalle,
ta zuba zumar Falgore a ƙwarya.

Kwana uku ita kaɗai take sha.
"Abin da bai bi maƙogwarona ba
ba ya shiga bakin ɗan mutane."
Na huɗu ta aika wa Ladidi mai tarin dare.
Tarin ya lafa. Ko baƙuwar ce, ko zumar,
ko lokacinsa ne ya yi,
ba ta ce ba. Ta ce Allah ke da lafiya.

Ragowar ta shiga kunun gyaɗa,
yara suka yini suna gwada wa juna harshe.
Wata ta sha zoɓo da ita,
ta ce tsamin yana da kunya.

Guda bakwai ta binne a gindin rijiya.
Ta yi ta bayi har bayan Sallah.
Ko tsiro.
Ta ce, "Ba ƙasarta ba ce, kar a matsa mata,
kowa ya san inda aka binne masa cibiya."

Daren nan na gan ta da fitila,
tana tsince ɗinya busasshiya, tana ƙulle magarya,
tana ɗaure bakin leda da zaren tsohon zane.
"Rubuta masa, ya tafasa wannan ma.
Ya gaya musu sunanta, kar ta zauna a faifai kamar waccan."
Ta yi shiru, ta juya ludayin a hannu.
"Ki kuma tambaye shi, can in tari ya kama shi da dare,
wa ke tashi ya ɗora masa tukunya?"