Hannunsa da Kaya

A makarantarmu ta bayan kasuwar Sankara,
ajin da iska ta yaye wa kwano bara,
ina da yara talatin da bakwai masu ji,
da Sammani.

Innarsa ta zo ran Laraba da ƙorafi:
"Malama, abu huɗu nake aikensa,
gishiri, daddawa, ashana, kanwa,
kullum uku yake kawowa.
Ko dai kan ne ba ya riƙo?"

Wata safiya na bi sawunsa, ban bari ya gan ni ba.
'Ya'yan mutane in an aike su
da baki suke tafe, suna nanatawa,
gishiri-daddawa, gishiri-daddawa,
harshe na juya saƙo kamar miya, kada ta kama.
Shi a yatsu ya ɗauko nasa,
yana buga su a cinya, ɗaya, biyu, uku, huɗu,
har kwanar masallaci.
Nan Baba Ɗanlami mai faci ya ɗaga masa hannu.
Yaro mai ladabi, ya ɗaga nasa.
A nan kanwa ta faɗi, gaban tsofaffin tayoyi,
ba wanda ya ji faɗuwarta.

A aji na rubuta a allo:
Akuyar da karen Sale ya kora jiya ta shiga gonar gyaɗa.
Na tambaye shi, wa ya shiga gona?
Ya yi alamar kare, har da murmushi.
Kalmomin duk ya san su, ɗaya bayan ɗaya,
akuya, kare, jiya, gona,
amma kafin idonsa ya kai ƙarshen layi
akuya ta tsinke igiya ta tafi.
Kare ne a kusa, shi ya kama.

Kunne yana ji ko ka duƙa kana rubutu.
Ido kuwa ƙofa ɗaya gare shi.
In ya kalli allo, ya rasa hannuna,
in ya kalli hannuna, allo ya jira,
abin da ya ɗebo yana zurarewa a hanya
kamar ruwan da aka kamfato a tafi.

Sai na daina jero masa kalmomi kamar ayari.
Na ɗaure akuya a iska, nan dama,
na zaunar da kare a hagu,
gona na shimfiɗa ta tsakaninmu.
Da na gama na nuna dama.
Tana nan, ba ta je ko'ina ba.
Ya dube ni kamar wanda aka tsintar wa kuɗinsa.

Ran da kogi ya kawo, ya zo da labari,
ko jaka bai ajiye ba.
Hannu biyu, gira, kumatu, kafaɗa,
kowanne na magana, ba mai jiran wani:
kwalekwale, wansa, buhun shinkafa, wani mai jar hula,
wani ya faɗa ruwa, wani ya ciro wani.
Na riƙe kwalekwale, na riƙe buhu,
kafin in kama mai hula, wansa ya suɓuce mini.
Na ce, tsaya, wa ya faɗa?

Ya yi ajiyar zuciya,
irin tawa sak,
wadda ban san yana gani ba duk watannin nan.
Ya ajiye wansa a dama.
Ya ajiye mai hula a hagu.
Ya dubi idona, ya jira har na gyaɗa kai,
sannan ya tura kwalekwale a hankali.

Yanzu in an aike shi, huɗu yake kawowa,
wani lokaci biyar, in da canji.
Da kai yake gaida mai faci.
Jiya Baba Ɗanlami ya tare ni bakin rijiya,
wai yaron nan boko ya fara sa masa girman kai,
ko hannu ba ya ɗagawa.
Na ce, Baba, yi masa uzuri,
hannunsa da kaya.