Ƙafar Rosamel

Na sauka tsibirin Chiloé da akwati biyu,
ɗaya na tufafi, ɗaya na wa'azi.
Shekara huɗu ina wasa harshe a makarantar tauhidi,
na zo da kaifinsa, ina neman abin yanka.

Ruwan sama a nan ba ya sallama, ba ya bankwana.
Majami'ar katako tana yoyo ta kusurwar hagu.
Mutum goma sha ɗaya ranar Lahadi,
sai karen tsohuwa Eduvina, da ke kwana ƙarƙashin benci.
Na hau mimbari, na yi tsawa,
na fasa musu kalmomin Girkanci kamar gyaɗa.
Suka gyaɗa kai don kara,
suka koma gonar dankali yadda suka zo.

Akwai wani masunci, Rosamel Nahuelquín,
da ya juya wa majami'a baya shekara talatin,
tun ranar da teku ta haɗiye ɗansa, ta hana gawa.
Sau uku na je gidansa da Littafi a hammata,
sau uku murya ta fito ta ƙofar da ba a buɗe ba:
"Ka gaya wa Allahnka, ya san inda nake."

Wata Laraba na hangi Eduvina tana gangarawa bakin ruwa,
daro a hannu, tawul a kafaɗa,
butar ruwan zafi naɗe cikin bargon ulu.
Na bi ta don in gani, ba don in taya ba.

Ƙafar Rosamel ta kumbura kamar gora,
ciwon sukari ya riga ya ci yatsu biyu.
Wari ya tare ni a bakin ƙofa kamar bango.
Ita kuwa ta durƙusa,
gwiwoyinta na kuka kamar tsohon kwalekwale,
ta kwance tsumma, ta wanke, ta matse mugunya,
tana tambayarsa farashin kifi a Castro.
Yana zaginta ƙasa-ƙasa, tana dariya.
Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan Yesu ba.

A hanya na ce, "Uwa, kin bar dama ta wuce."
Ta ce, "Wata goma sha huɗu ina zuwa.
Shi wanda kake ta ihu a kansa,
daren da aka bashe shi, me ya ɗaura a ƙugu?"
Ta sauya wa daron hannu.
"Bayana ya gaji, Fasto. Laraba mai zuwa taka ce."

Na so in ce ba wannan aka aiko ni yi ba.
Maganar ta maƙale mini kamar ƙayar kifi.

Laraba na naɗe hannun riga.
Amai ya taso, na danne shi.
Ruwan ya yi zafi, mutumin ya kurma ihu,
ya shuri daro, ya jiƙa mini wando har gwiwa.
"Ko wannan ba su koya maka ba?"
Na ce, "Ba su koya mini ba."
Ranar ya fara duban idona.
"Da gwiwar hannu ake gwadawa, wawa."
Na gwada. Na sake durƙusawa.

Sai a Laraba ta tara ya faɗi sunan yaron.
Aliro. Shekara sha tara. Ya iya fito.
Ban buɗe Littafi ba, hannuwana duk sabulu.
Na dai riƙe diddigensa har ya gama.
Ya ce, "Ka iya addu'a gajera?
Gajera na ce."
Kalma bakwai na yi. Bai ce amin ba,
bai kuma janye ƙafar ba.

Har yau bai taka majami'a ba.
Wani lokaci nakan tarar da kifi rataye a ƙofata,
ba suna, ba saƙo.
Akwatin wa'azi yana ƙarƙashin gado, ya fara funfuna.
Daron kuwa ba ya hutu:
Laraba yana gidan Rosamel,
Lahadi yana kusurwar hagu yana tarar yoyo,
ɗis, ɗis, ɗis,
yayin da nake magana, da ƙaramar murya yanzu.