Kwana Tara Bayan Igiya

Ranar da aka kai Altine makwancinsa
ba a bar ni na taɓa likkafanin ƙanena ba.
Mutum huɗu cikin farar leda, fuska a rufe,
su suka sa shi a rami, ina tsaye can nesa kamar ɗan kallo.
Kafin la'asar an ɗaura igiya a bakin lungunmu,
an shafa wa ƙyaurena jan fenti,
an ajiye ɗan sanda da kujerar roba
ya tsare Rijiyar Ɗorowa daga numfashina.

Katangar laka ba ta riƙe sirri.
Majalisar gindin darbejiya har ɗaki take iske ni.

Modi ne mai babbar murya:
"Wanga zalunci na!
Mutum bai yi sata ba, bai zub da jinin kowa ba,
a turke shi kamar akuyar da ta ci dawar wani?
Tela na, hannunai ka ciyar da shi.
Wa ka ba ɗiyanai abinci, igiya?
Ajali in ya zo, ko cikin tulu kake sai ya leƙa."

Jaɓɓi ya shekara talatin yana wanke miki a asibiti,
maganarsa ƙasa-ƙasa, sai na manna kunne:
"Na ga irin wanga ciwo tun kana goye.
Gida guda muka ji kunyar rufewa,
unguwa ta biya kunyar da gawa sha bakwai.
In wuta ta kama zana,
ba ƙin maigida ka sa a sare ta ba."

Sai sauran su ɗauka, kowa da guntun jin-jinsa.
An ce wanda aka kai Amanawa ba ya dawowa.
An ce da sunayenmu ake karɓar kuɗi.
An ce ko inuwar gidana ta taɓa ka, ka yi wasiyya.
Mai ruwa ya sauya hanya.
Yara na toshe hanci in sun gilma, suna gudu.

Ni kuwa da gawayi nake ƙirga kwana a bango.
Kekena ya yi shiru da riga a bakinsa,
shaddar Modi ce, saura wuya da aljihu.
Jiya ya aiko yaro ya tsaya bayan igiya ya yi kira:
wai a ƙone ta, ya yafe.

Bayan isha'i kuma wata igiyar ke saukowa
ta kan katanga, da bokiti a bakinta:
tuwon shinkafa, sabulu, goro biyu,
ran nan har da ma'aunin zafi a naɗe cikin takarda.
Ba a sallama. Amma na san tarin Jaɓɓi.

Kada ka ce na raba gardama.
Maganar Modi gaskiya ce, buhun gero ya kwanta,
kuma wanda ya sa hannu a kulle ni
bai taɓa tambayar me muka ci ba.
Tsoronsu ya fi jan fentin kama jiki,
ko an kwance igiya, wa zai kawo mini ɗinki?

Yau da asuba goshin Kulu ya yi ɗumi.
Uwarta ta rufe ta da zane, ta dube ni:
"Zafin Sakkwato ne. Rufa mana asiri.
In suka ɗauke ta, wa zai ba ta ruwa in ta yi kuka?"
Na saka ma'aunin a hammatarta.
Na duba. Na girgiza shi. Na sāke.

Modi da Jaɓɓi duk sun shigo ƙirjina,
ba mai ɗaga wa wani.
A waje ɗan sanda na gyangyaɗi, rediyo a cinya,
ladan ya yi shiru, zakara ya karɓa.

Na sa takalmi.
Shekara ashirin ina gidan nan,
ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofata daga ciki ba.