Mahaɗa

Wuƙa ce malamata a wannan sana'a.
Ki zana tsakiyar takarda, ki bar gefe fari,
ki tsaga ta huɗu,
ki mai da kusurwoyi ciki,
ki cike filin da ya buɗe.
Abin da ya fita ta dama
tilas ya shigo ta hagu,
in ba haka ba, bango ya tona miki asiri.

Hamajoda, mai shago a babbar kasuwar Marwa,
ya ce, "Furanni, Tabawa, furanni,
ja da ruwan zinariya, irin na Turkiyya,
su masu sabon gini ke tambaya."
Na yi masa kala uku. Kuɗin haya ne.
Ban taɓa sansana irinsu ba,
shi ya sa suka fito kamar baƙin da ba a ba su ruwa ba.

Na huɗu na yi wa kaina.
Na gangara Mayo Kaliyawo da rani,
kogi ya tafi ya bar shimfiɗarsa,
yashi na riƙe da sawun zabi,
wani na bin wani, wani ya fasa hanya.
Na kwafe su a bayan rasit.
Ja na aro wurin majema,
kore daga darbejiyar bakin titi,
ɗigon fari kuwa, zabuwa ba ta rowarsa.

Sau biyu wuta ta ɗauke,
sau biyu kwamfuta ta haɗiye mini garke.
Na sake kiwo daga farko.

Duwala aka kai bugu.
Kwana goma sha tara, naɗi arba'in suka dawo,
jan majema ya koma manja.
Na yi fushi har la'asar,
daga baya na ga bai yi muni ba.

Kowace zabuwa ta bakin gefe rabi ce:
kai a wannan naɗi,
jela a wancan.
Ba sa zama tsuntsuwa
sai Njidda ya hau tsani da bokitin gam,
ya lallashe su da tafin hannu.

Wata ungozoma a Domayo ta ɗauki naɗi shida.
Bayan wata biyu na je, wai gaisuwa,
alhali idona na kan bango.
Ɗari uku da wani abu, duk fuska gabas,
ba mai kuka, ba mai tono.
Sai can lungu, bayan firji,
inda magini ya karkace da yatsa biyu,
takarda ta hau takarda,
wata zabuwa ta rasa kai.

Na ji kunya ta sauko mini har gwiwa.
Na matsa.

An riga ni.
Da shuɗin biro, hannu na rawa,
an yi mata kai, ya fi jikinta girma,
ido biyu a gefe guda,
tana duban yamma.

"Dudu ce," in ji uwar, "na kusa dukan ta."
Yarinyar ta leƙo daga bayan zane,
ta ce waccan ce tata,
sauran duk ba su san ta ba.

Hamajoda ya kira da dare,
furanni sun ƙare, a ƙaro.
Na ce to.
Wuƙa na hannuna,
takarda ba ta tsagu ba tukuna.