Tuffar da Kasuwa Ta Ƙi

Barau ya sauko daga Shafa bayan la'asar
da kwali biyu a bayan mota.
Ya ce, Iya, waɗannan kasuwa ta ƙi su,
iska ce ta kakkaɓo su daren Talata.
Kowacce da tabonta,
wata ma tsuntsu ya riga mu ɗanɗanawa.
Na ce ajiye nan bakin ƙofa,
tukunyata ba ta duban fuska.

A Ɗa'if kaka ba ta sallama.
Sai dai ka farka ka ji daɓe ya yi sanyi a tafin ƙafa,
gajimare ya sauko ya zauna kan katanga
kamar baƙon da ya san gida,
masu rumman a bakin titi sun fara rage kuɗi.

Muka zauna ni da Nuwaira jikata,
hannu na feraya, baki na hira.
Nata ɓawon yana tsinkewa gutsi-gutsi,
nawa yana sauka igiya ɗaya har ƙasa.
Ta tambaye ni da Larabci, yaya kike yi?
Na amsa mata da Hausa: shekara sittin.

Kirfa sanda biyu, kanumfari bakwai,
lemon tsami rabi, wuta can ƙasa-ƙasa.
Aka kira magariba tana fara sol,
aka kira lisha ta koma ruwan zuma,
ƙarfe ɗayan dare, kafaɗata na ƙara,
ta yi duhu kamar dabinon Madina.
Na ja muciya a gindin tukunya,
hanya ta buɗe, ba ta rufe ba.

Nuwaira ta ɗago daga gyangyaɗi ta leƙa.
Takardar da malamarsu ta ba su ta ce man tuffa,
to ina man? Ko ɗigo ba mu sa ba.
Na ce suna ne, yarinya.
Mu ma Takari ake ce mana,
ni kuwa layi uku daga nan aka binne cibiyata.

Da safe fulawa, man shanu, sukari,
gishiri abin da yatsa biyu suka tsunkula.
Muka murza har ya warware kamar dambu.
Rabi muka danne a tire da gindin kofi,
muka shafe shi da duhun daren jiya,
sauran muka barbaɗa a kai.
Takarda ba ta ce riɗi ba. Na sa riɗi.

Tanderuna yana da son kai,
gefen hagu yake fara ci.
Na sani, shekara goma muna tare,
amma uwar yarinyar ta bugo waya daga Jidda
tana lissafin kuɗin haya,
sai hanci ne ya tuna mini.

Jira ya huce, na ce.
Ba ta jira ba.
Yankan farko ya ruguje mata a wuƙa,
ta lashe yatsa tana kallon rufi.
Sauran na yanka bayan azahar,
dogo-dogo kamar sandar sabulu,
ashirin da huɗu, biyar sun ƙone.

Shida na Ummu Mish'al ta saman bene,
wadda farantinta ke wurina tun Ashura.
Huɗu na mai gadi.
Barau ya ɗauki ɗaya a tsaye,
ya tauna, ya yi shiru,
ya ce a naɗe masa uku, zai kai wa mai gonar
ya ga abin da ya ce a ba awaki.

Ƙonannun namu ne.
Muka zauna da gahawa mai ɗaci
muna ɓamɓarar gefen tire.
Ta ce wannan baƙin fa, yaya sunansa?
Na ce ƙanzo.
Ta ce kanzo.
Na ce a'a, daga can maƙogwaro, ƙanzo.
Ta sake, ta ƙware, muka yi ta dariya
har gahawa ta huce.

Kwali na biyu yana nan bakin ƙofa.
Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya shaƙa.