Ɗinki Shida

Shekara talatin ina taka keke a Pitowa.
Na ɗinka rigar ango, na ɗinka likkafani,
na yi wa wandon ɗan lakwal faci a gwiwa,
amma ban taɓa soka allura a abu mai numfashi ba
sai wata Lahadi, ranar kasuwa,
da unguwa ta watse ta bar ni da kaji.

Inuwa ce ta fara isowa.
Ta gifta kan turmi, ta gifta kan randa.
Zakara ya yi wata ƙara da ba ta asuba ba,
'yan tsaki bakwai suka shige ƙarƙashin rumbu,
na takwas ya tsaya yana fama da ƙwayar dawa.
Shaho ya faɗo daga wajen Tingilin
kamar dutsen da majajjawa ta saki.

Fingi ba ta gudu ba.
Kazar da ƙadangare ke kora daga kan dusa,
ita ce ta buɗe fukafukai ta tare shi da ƙirji.
Na fito ba takalmi, almakashi a hannu,
ina ihu, ina jifa da murfin tukunya.
Ya tashi da gashi cike da akaifa,
ya bar mini ita a ƙasa, baya a tsage
daga gindin wuya har kusa da fiffike.

Hamajam ya leƙo ta katanga:
"Tela, sa wuƙa tun tana motsi,
kada ka yi asarar nama da romo."
Gaskiya ya faɗa. Har na dubi wuƙar.
Sai jikata Ladidi ta durƙusa, ba ta ce uffan ba,
ta rufe wa kazar ido da gefen ɗankwalinta.

To.
Na tafasa ruwa, na jefa gishiri, na bari ya huce.
Na datse gashin da ke bakin ciwon,
na wanke ƙasa da jini har fata ta fito fili.
Allura ta sha wuta, zare ya sha tafasa,
farin zare, ragowar rigar liman.
Ɗinki shida.
Hannun da bai taɓa rawa a kan shadda ba
ya yi rawa a kan 'yar fatar nan
mai kaurin ɓawon albasa.
Zuciyarta na bugawa a tafin Ladidi
fiye da kekena in sallah ta matso.

Jan magani na dala ɗari daga bakin titi,
kwando a kife kusa da ƙafata,
tsohon gidan sauro a kai saboda ƙuda.
Kwana uku ba ta ci ba,
sai ruwan sukari da yarinya ke ɗiga mata a baki.
A na huɗu ta caki yatsana.
Ban taɓa jin ciwo mai daɗinsa ba.

Garga masunci ya kawo yagaggen taru daga Binuwai,
na biya shi da facin riga biyu.
Muka ɗaure daga darbejiya zuwa kan rumbu,
har yanzu gidan na ƙarnin kifi in an yi yayyafi.
Ladidi ta rataya fasasshen madubi da tsofaffin fayafayi,
suna juyawa, suna watsa wa sama rana a ido.
Na tara ƙaya a kusurwa, mafakar masu gajeren gudu.

Yana zuwa har yau, wajen hantsi.
Ya kewaya, ya kewaya, ya karkata kai.
Ba na zaginsa. Na san a can cikin duwatsu
akwai bakunan da ke jiran sa a buɗe.
Sai dai ya nemi ɓera a gonar auduga,
nan an rufe shago.

Fingi na tafiya a ɗan karkace,
gashi ya ƙi fitowa a kan layin.
Cikin duk aikina da ke yawo a garin nan
babu mai muninsa,
kuma shi nake fara nema da ido in gari ya waye.

Na takwas ɗin nan kuwa ya zama ɗan zakara.
Har yanzu bai koyi duban sama ba.